Mabuɗin da Tsoho Ya Bari

Babu wata magana da ɗan Adam ya taɓa furtawa, daga kukan haihuwa har zuwa wasiyya, wadda ba za a iya yanka ta gunduwa-gunduwa, a sa kowace gunduwa a akwatinta, a rubuta suna a murfi ba. Balaga ba sihiri ba ce. Kaya ne a hargitse, kuma domin shirya su aka yi kwamfuta.

Da wannan aka buɗe littafin ƙa'idojin Cibiyar Adana Magana, kuma Farfesa, shugaban cibiyar, shi ya rubuta da hannunsa. Ya maimaita shi a taruka har masinjan ofis ya haddace. Cibiyar kanta ɗaki biyu ce a ƙarshen baranda, a saman ɗakin karatu. Akwai fanka mai juyawa ba iska, da kwamfuta uku, ɗaya daga cikinsu ta yi ritaya ana ɗora mata butar shayi. Farfesa yana ɗakin da ke da taga. Aikin kuma yana ɗaya ɗakin, tare da Dakta.

Aikin ba wuya gare shi ba, cin rai ne. Ka saurari kaset, ka buga abin da ka ji, sannan ka bi shi jimla-jimla kana sa alama: nan gaisuwa ta fara, nan ta ƙare, nan yabo, nan gargaɗi, nan alkawari. Hatta shiru da tari da tafi, kowanne da alamarsa. In ka buɗe alama ka manta ba ka rufe ba, na'ura ta ja jan layi ta ƙi karɓar fayil ɗin gaba ɗaya. Saboda yawan faɗin "abin da ka buɗe ka rufe" ne ɗalibai suka sa wa Dakta suna Buɗe-Rufe. Ya san da sunan. Bai damu ba, don ya ji wanda suka sa wa wasu.

Abin da ya dame shi takarda ce guda. Takardar ƙarin girmansa tana kan teburin Farfesa, ƙarƙashin wani dutsen danne takardu mai siffar kunkuru, tun yaransa na firamare, ga shi babbar har ta fara maganar jami'a. Sa hannu kawai take jira. Farfesa ya yi alkawarin zai sa da zarar an ƙaddamar da babban aikin cibiyar, wato jawaban Tsoho.

Tsoho shi ya kafa sashen su Farfesa, kuma kafin rasuwarsa ba a yi mai baki irinsa a jami'ar ba. Ba a bikin aure, ba a sallamar ma'aikaci, ba a buɗe sabon banɗaki, sai an kira shi ya ce wani abu. Matarsa, wadda kowa ke kira Mama, ta kawo kaset-kaset ɗinsa cikin kwalaye, ta ce a yi abin da za a yi da su, ita dai tana son ɗakinta.

A bangon ofishin Farfesa, daidai inda idon baƙo zai fara sauka, akwai firam. Cikinsa maganar da Tsoho ya yi ce ranar da Farfesa ya gama digirinsa na uku:

"Na daɗe ina koyarwa. Na ga ɗalibai kamar ruwan sama, wasu sun jiƙa shuka, wasu sun tafi da rufin ɗaki. Amma wannan yaro ban taɓa ganin irinsa ba. Ran da na fara jin ya buɗe baki, na koma gida na kasa cin abinci. In na rufe ido yau, ban bar gidan nan a buɗe ba. Ga mabuɗi nan a hannunsa."

Da wannan mabuɗi Farfesa ya buɗe shugabancin sashe, da cibiya, da kujerar gaba a kowane taro. Duk wanda ya ja da shi, sai ya ɗan juya kujerarsa yadda firam ɗin zai fito sosai.

Dakta bai taɓa jin haushin firam ɗin ba, saboda wani dalili da ya riƙe a ransa. Shi ma yana da nasa a falo. Tsoho ya faɗa masa kusan irin wannan maganar ranar aurensa, matarsa ta sa aka rubuta da ruwan zinare. Ya ɗauka Tsoho ya canza shawara ne daga baya, ya karɓe mabuɗin daga Farfesa ya ba shi, amma kunya ta hana a sanar. Wannan tunani ya taimaka masa ƙwarai wajen haƙuri da ɗakin da ba taga.

Sai aka zo kan ƙa'idar maimaici. Ita ma Farfesa ya rubuta ta, kuma yana alfahari da ita. Abin da aka faɗa sau biyu ba a adana shi sau biyu. Wanda ya riga a kwanan wata shi ne asali, a rubuta shi cikakke. Sauran kuma a sa musu kibiya kawai, mai nuna asalin. Duk wanda ya danna maganar a shafin cibiya, zai ga asalinta a sama, da jerin duk inda ta sake fitowa a ƙasa.

Wata ranar Talata da hantsi Dakta ya gama kwali na ƙarshe, ya ce wa na'ura ta nemo maimaici. Ya tashi zai zuba shayi. Kafin ya juyo ta cika allo.

Ya zauna da kofi a hannu yana karantawa. Tsoho ya ba Farfesa mabuɗi. Ya ba Dakta mabuɗi. Ya ba direban sashe ranar da ya yi ritaya. Ya ba mai kantin shayi na ƙasan bene, inda ya mai da yaro yarinya. Ya ba wani baƙo da ya zo daga wata jami'a, wanda a safiyar ranar ya fara ganinsa, kuma duk da haka ya sami lokacin komawa gida ya kasa cin abinci. Jerin sai da Dakta ya ja shi ƙasa kafin ya ga ƙarshensa. A kowane kaset, bayan "na kasa cin abinci", akwai alamar shiru, sai alamar fyace hanci, sai alamar tafi. Dakta da kansa ya sa alamomin, wata bayan wata, bai lura ba. Mai sa alama jimla yake kallo, ba ya jin jawabi.

Ya tuna Tsoho, mutum mai cika kujera. In da gaske duk waɗannan ranakun bai ci abinci ba, to lallai yana ramawa a sauran.

Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya sa shayin ya huce a hannunsa shi ne sunan da ke sama, a gurbin asali. Shugaban sashen tarihi ne, wanda ɗalibai ke kira Kalanda saboda ba ya manta kwanan wata. Shi da Farfesa sun shekara ba sa shiga lif ɗaya. Tsoho ya ba Kalanda mabuɗin tun yana saurayi zai tafi ƙaro karatu. Bisa ƙa'ida, firam ɗin Farfesa kibiya ce mai nuna Kalanda.

Ya ƙwanƙwasa ɗakin taga.

"Ranka ya daɗe, akwai 'yar matsala a ƙa'idar maimaici."

Farfesa bai ɗago ba. Yana gyara jawabinsa na ƙaddamarwa. "Ƙa'ida ba ta da matsala, Dakta. Mutane ke da matsala."

"Haka ne. To, a ce akwai wata magana da wani yake ganin tasa ce shi kaɗai..."

"Sai ya daina gani. Abin da ya kashe fannin nan ke nan, son rai. Wane ya ce, wane ya ji daɗi. Na'ura ba ta da suruki, ba ta da ubangida. Abin da ta samu a nuna wa duniya."

"Ko da mutumin babba ne?"

"Musamman in babba ne." Ya ajiye biro, ya juya kujera, firam ya fito. "Ka san abin da zan yi ranar? Wannan zan danna a gaban kowa. Da shi zan rufe taro. Ka tabbata yana aiki."

"Yana aiki, ranka ya daɗe."

"Madalla." Ya ɗan shafa bayan kunkurun da ke danne da takardar. "Ban manta da kai ba."

A gida Dakta ya tarar da matarsa tana gwada sabon ɗinki a gaban madubin falo, ƙarƙashin firam mai ruwan zinare.

"Na gaya wa su Yaya ranar Alhamis ne," in ji ta. "Ita da mijinta za su zo."

"Me ya kai ki gayyatar su? Taron kwamfuta ne."

"Taron ƙarin girma ne. Shekara nawa tana zuwa nan tana ajiye makullin mota a kan teburina da ƙara? Kullum sai dai in nuna mata bango in ce, mu namu mabuɗin ga shi can. To yanzu ta zo ta ga ƙofar da yake buɗewa."

Dakta ya ɗaga kai ya dubi rubutun. Ya ji a kunnensa inda shiru yake, da inda hanci yake.

"Maman yara, in aka ce miki wannan magana ba ni kaɗai aka faɗa wa ba fa?"

"Wa kuma? Farfesa? Wannan ai na sani. Tsoho ya gane kuskurensa ne ya gyara. Kai ka faɗa min."

"Ni na faɗa miki."

"To. Zuge min zif ɗin nan."

Washegari ya zauna ya auna hanyoyinsa. Goge sauran ba zai yiwu ba, don Farfesa ya riga ya sanar da yawan kaset ɗin a takardar gayyata. Ya gwada canza kalma biyu a na Farfesa ko na'ura za ta ɗauka wata magana ce daban. Ta gane, har ta nuna masa kalmomin da launi, kamar mai taimako. Ƙa'ida kuwa an buga ta a littafi mai bango.

Abu ɗaya ya rage wanda na'ura ba ta da ta cewa a kansa: kwanan wata. Wannan mutum ke bugawa, ita ta yarda. In ba za a hana jerin fitowa ba, ana iya canza wanda ke samansa. Farfesa zai ji zafin ganin direba a ƙarƙashinsa, amma mutumin da aka nuna masa shi ne asali, sauran duniya kwafinsa, ba ya daɗewa yana fushi. Dakta ya duba shekarar Kalanda, ya cire ɗaya, ya buga a kaset ɗin Farfesa. Na'ura ta karɓa ba jan layi. Sunan Farfesa ya hau sama, kibiyoyi duka suka juya suna kallonsa kamar masu gaisuwa.

Dakta malamin adabi ne. Ya san cire ɗaya. Bai tsaya ya yi ɗaya lissafin ba.

Ranar Alhamis ɗakin taro ya cika. Mama tana layin gaba da jakarta a cinya. Kalanda ya zo, abin da ba wanda ya zata, ya zauna a gefe ya harɗe hannu. Matar Dakta da yayarta da mijin yayar suna tsakiya, makullin mota a kan gwiwarsa. Dakta yana gefen dandamali da kwamfuta, shi ke juya abin da majigi ke haskawa a bango.

Farfesa ya yi magana mai tsawo a kan akwati da murfi. Ya nuna yadda za a nemo duk gargaɗin Tsoho da dannawa ɗaya, da duk barkwancinsa, har da duk inda ya yi tari. Aka yi tafi. Sannan ya sassauta murya.

"Akwai wata magana da marigayi ya yi, wadda ban cika son ambato ba." Wani a baya ya yi tari. "Amma ilimi ba ya jin kunya. Dakta, danna."

Dakta ya danna.

Maganar ta fito a bango da manyan baƙaƙe. Ƙarƙashinta jerin ya zubo, suna bayan suna. Ɗakin ya yi tsit irin na mutanen da kowa ke neman sunansa, kuma da yawa suka samu. Wani tsohon magatakarda ya cire tabarau ya goge ya mayar. Direba, da aka gayyato don cika kujera, ya ce a fili, "A'a, ga ni nan."

Dakta bai kalli tsakiyar ɗaki ba. Ya dai ji ƙarar makullin mota.

Farfesa ya tsaya baki buɗe na ɗan lokaci, abin da a fayil za a sa wa alamar shiru. Sai idonsa ya kai sama, ya ga sunansa, ya ga kalmar asali a gefensa. Dakta ya ga kafaɗunsa suna komawa mazauninsu.

"Kun gani," in ji Farfesa a hankali. "Abin da nake so ku gani ke nan. Marigayi ya faɗi magana sau ɗaya, ga mutum ɗaya, daga zuciyarsa. Da ya ga ta yi kyau, sai karamcinsa ya sa ya riƙa gutsura wa wasu. Ba abin kunya ba ne mutum ya sami gutsure. Na'ura ta nuna tushe, ta nuna rassa."

Aka fara tafi, na mutanen da aka ba hanyar fita. Dakta ya saki numfashi. A ransa har ya ga kunkuru ya ɗaga.

Kalanda ya ɗaga yatsa ɗaya, bai ko warware ɗaya hannun ba.

"Tambaya ce 'yar ƙarama, Farfesa. Wannan shekarar da ke gefen sunanka, ita ce shekarar da ka gama digiri na uku?"

"Abin da na'ura ta nuna ke nan."

"To ina taya ka murna, ko da na makara. A shekarar nan ni ina ajin ƙarshe a nan jami'ar. Kai kuma, in ban manta ba, kuma ba na mantawa, kana aji ɗaya a sakandare. Ƙanina ne mai kula da ɗakin kwananku. Ya ce kana yawan kuka." Ya gyara zama. "Ashe da gajeren wando ka karɓi mabuɗin."

Dariyar ta fara daga baya, wajen ɗalibai, ta gangaro layi-layi har ta iso manyan malamai, waɗanda suka yi tata da hanci. Shugaban taro, don ya ceci lamarin, ya miƙa wa Mama makirufo ya ce ko uwa za ta sa albarka.

Mama ta karɓa tana dubansa kamar an ba ta ludayin da ba nata ba.

"Ni ban san abin da kuke wa gardama ba," in ji ta. "Wannan magana a kicin ya haɗa ta, ina yanka albasa. Shi ya sa ake fyace hancin. Da ya ga ta karɓu a haka, sai ya bar shi a ciki." Ta ɗan yi tunani. "Amma batun kasa cin abinci, Allah ya jiƙansa, ban taɓa mayar da kwano da saura ba. Mabuɗi kuwa, na gidanmu ma kullum sai ya ɓatar."

Ta mayar da makirufo, ta rufe jakarta.

Kafin la'asar Farfesa ya gano inda matsalar take, kuma kamar yadda ya faɗa tun farko, ba a ƙa'ida take ba. Sanarwa ta fita cewa an sami kuskuren shigar da bayanai daga wani ma'aikaci, kuma cibiya ta ɗauki mataki. Ya kira Dakta ɗakin taga. Firam ɗin yana nan, sai dai kujera ba ta juya ba.

"Wa ya sa ka?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe."

"Na ce maka na'ura ba ta da ubangida."

"Ka faɗa."

"To ka ga abin da son rai yake jawowa." Ya ɗaga kunkuru, ya zare takardar, ya buɗe aljihun tebur na ƙasa, ya sa ta, ya rufe. "Sai ƙura ta lafa. Kafin nan, ana neman mai kula da ɗakin ajiyar kaset a ƙasan bene. Wuri ne mai natsuwa."

A gida firam mai ruwan zinare yana nan a bango. Matarsa tana ninke sabon ɗinkin tana mayarwa a leda.

"Ba ki cire ba," in ji shi.

"In cire in sa me? Fentin wajen ya fi na sauran bangon haske." Ta danna ledar a akwati. "Yaya ta ce in gaishe ka. Ta ce ashe ajinku ɗaya da direba."

"Me kika ce mata?"

"Na ce shi direba aƙalla an taɓa ba shi mabuɗin da ke tayar da wani abu."

Farfesa mutum ne mai son a yi komai bisa tsari, don haka aka shirya wa Dakta ɗan shayin sallama, duk da bene ɗaya kawai zai sauka. Aka jera kujeru a ɗakin da ba taga. Mai kantin shayi ta hawo da tire da biskit. Aka kunna rikoda, domin ƙa'idar cibiya ce duk jawabin da aka yi a cikinta a adana shi.

Farfesa ya miƙe ba takarda. Ya ce ba zai yi dogon bayani ba, abin da ke zuciyarsa kawai zai faɗa. Ya dafa kafaɗar Dakta, ya dubi silin.

"Na daɗe ina koyarwa," in ji shi. "Na ga ma'aikata kamar ruwan sama."

Dakta ya dubi fuskarsa yana neman alamar wasa. Babu. Mutumin ya shekara talatin yana kallon bango ɗaya, abin da ke bangon ya shige shi, yanzu da ya laluba zuciyarsa shi ya samu. Ya bi ta shuka da rufin ɗaki. Ya koma gida ya kasa cin abinci. Ya yi shiru daidai inda ake shiru, ya zaro hankici. A ƙarshe ya sa hannu a aljihu ya fito da mabuɗin ɗakin ajiya, mai ɗaure da igiyar roba, ya danƙa masa. Aka yi tafi.

Da kowa ya watse, Dakta ya zauna a kujerarsa karo na ƙarshe. Jawabin bai buƙaci bugawa ba. Ya buɗe fayil, ya sa kwanan watan yau, ya duba shi sau biyu, ya sa kibiya mai nuna Kalanda, ya rufe abin da ya buɗe. Na'ura ta karɓa.

Mai shayi tana tsaye a bakin ƙofa da tire, ba ta tafi ba.

"Farfesa ya ce batun kuɗin shayi in ga mai taron," in ji ta.

Dakta ya dubi baranda. Ƙofar ɗakin taga a rufe take.

"Kada ka damu, Dakta," in ji ta tana tattara kofuna. "Ni ma ran da Tsoho ya ba ni nawa mabuɗin, ni na kawo lemon."

Ya ajiye mabuɗin a tebur, ya sa hannu a ɗaya aljihun.